Jan Biro a Gefen Shafi

Shekara goma sha bakwai ina zaune bayan teburin ba da aro a laburaren unguwarmu. A bangon da ke bayana akwai takarda mai cewa an hana rubutu a cikin littattafai. Ni na rubuta ta, ni na manna ta, ni nake sabunta ta idan ta koɗe. Ni ce kuma na fi kowa taka dokar, in aka cire Yayata.

Laifin na littattafan Sufeto ne. Jeri ne mai littafi ashirin da uku, suna kanta ta biyu daga taga, bayansu duk ya sha gam da salatif. Labarin wata 'yar sanda ce a wani birni na shekara ɗari nan gaba, inda motoci ke tafiya a sama, hukuma ke sa wa ruwan sama ranar sauka, mutum-mutumi kuma ke ba da shaida a kotu. Kowane littafi da gawarsa da wanda ya yi kisan. Amma ba don gawa ake layi ba. Don Makaniki ake yi, mijinta mai gyaran mutum-mutumi. A littafi na sha huɗu ta gano ya goge ƙwaƙwalwar wani mutum-mutumi da ya ga yadda aka kashe mahaifinta, wai don kada ta kalli abin ta zauce. Ta kwashe kayanta ta bar masa gidan. Littafi tara ke nan ba ta ce masa ko sannu ba.

Rubutun gefen shafi da 'yar alama ya fara. Tsofaffi suna mantuwa, sai kowa ya riƙa sa shaidarsa a shafin ƙarshe don kada ya ɗauki abin da ya riga ya karanta. Daga alama aka koma magana. Direba, mai karatu yana jiran mota ta cika, yana zana kibiya a kan sunan wanda yake zargi tun shafi na talatin, kuma tunda yake bai taɓa dacewa ba. Ungozoma, wadda ta yi ritaya kafin a haifi rabin masu karatunmu, ta cika gefen wani babi da faɗa, wai duk wanda ya rubuta wannan haihuwar bai taɓa shiga ɗakin haihuwa ba, ko a sama motoci suke tafiya ai jariri ba ya fitowa a minti biyu. Wata da ban taɓa gane ta ba, ta rubuta a littafi na tara cewa da mijinta zai iya magana irin ta Makaniki, da ta daina zuwa laburare. Dukansu da fensir suke yi, don suna jin kunyata. Mutum ɗaya ce take yi da jan biro, Yayata, gatsal, kamar mai duba jarrabawa, kuma aikin da ta yi ke nan shekara talatin tana koyarwa.

Ni da Yaya ba ma magana. Shekara shida da suka wuce ina kwance bayan an yi mini aiki, Inna kuma tana wani asibitin tana jin jiki. Yaya ta hana kowa ya gaya mini. Kullum sai ta zo da filas ɗin shayi tana murmushi, ta ce Inna tana gaishe ni. Kwana huɗu tana kawo mini gaisuwar wadda aka riga aka binne. Ranar da na ji, na ce mata kada ta sake kiran sunana, ita kuma mai taurin kai ce irina, ba ta sake ba. Ina jin haushinta har yau, ba zan ɓoye ba, kuma ina kewarta, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Duk Laraba da ƙarfe goma take zuwa. Ta ajiye littafi a kan tebur, ta ɗora katinta a kai, ta kafe fanka da ido. Ni kuma in buga hatimi ina kallon hatimin. Idan ta fita sai in buɗe. A shafin da Sufeto ta bar gidan na fara samun jan rubutunta: "Da ta gani da ita ma ta bi uban. Shi ya ga halin da take ciki." Na fi awa ina kallon layin nan. Sannan na ɗauki fensir na rubuta a ƙasa: "Ubanta ne ba nasa ba. Wa ya ba shi izini?" Larabar da ta biyo baya ta sake aron littafin nan da ta gama, ta dawo da shi da amsa. Tun daga nan muke ta yi, littafi bayan littafi, ita tana kare Makaniki, ni ina tsaye bayan Sufeto. Wani lokacin a tsakiyar gardama takan rubuta cewa Sufeto ta rame a wannan babin, ta riƙa cin abinci. Ni ma na taɓa rubuta cewa Makaniki ya je a duba masa gwiwar nan da yake ɗingisawa, alhali Makaniki lafiyarsa ƙalau, a littafin ma gudu yake yi a kan rufin jirgi.

Sai aka kawo mana sabon shugaba. Mutum ne mai tsafta da kirki daidai gwargwado, kuma zan faɗi gaskiya, shi ya gyara mana taga da famfon banɗaki. Amma a satinsa na biyu ya zaro littafi na sha shida, ya buɗe, ya tsaya kamar ya ga kyankyaso a cikin kofinsa. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa yana juya shafi, fuskarsa tana ƙara tamkewa. Hukuncinsa bai da tsawo. Na fensir in goge su da kilina. Waɗanda jan biro ya taɓa, tunda ba sa goguwa, a zuba su a kwali a kai sito a haɗa da tsofaffin jaridu. Mai jan biron kuma in binciko shi a cikin rajista, a karɓe katinsa. Ya ƙara da cewa dama irin waɗannan littattafan ba karatu ba ne, kashe lokaci ne.

Jan biro ya taɓa tara daga cikinsu, kuma waɗannan taran su ne duk abin da ya rage tsakanina da 'yar uwata.

Na ce masa to, ranka ya daɗe. Na karɓi kilina da kwalin na ajiye a ƙarƙashin tebur. Yana shiga ofis na kira Ungozoma, wadda ke zaune kusa da taga tana gyangyaɗi a kan jarida, na tuna mata cewa doka ta ba kowane kati littafi uku, kuma littafin da yake hannun mai aro ba a iya sa shi a kwali, sannan ana iya sabunta aro in dai ba wanda ya nema. Ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙe, ta kwashi na sha huɗu da na sha biyar da na sha shida.

Kafin a tashi ranar Litinin kantar ta zama fayau. Direba ya bar motarsa a bakin titi ya shigo ya ɗauki uku, yana ta mita wai an raina su, shi a littafin nan ya koyi cewa ba kowane mai gemu ne mugu ba. Wata mai ɗinki ta zo da katin mijinta da na surukarta. Kowa ya zo da abin faɗarsa, wasu suna zagin Sufeto kan taurin kai, wasu suna cewa Makaniki ya yi kaɗan ma, kamata ya yi ta kulle shi, amma duk bakinsu ɗaya a kan kwali. Na buga hatimi sau ashirin da biyu. Shugaba ya fito ya ga ƙura da shatin littattafai a kan katako, ya dube ni, na ce masa ai jama'a suna son karatu.

Saura na ashirin da uku, sabon fitowa, kuma yana hannun Yaya. Kowa an gaya masa ya riƙe nasa a gida, ban da ita. Ungozoma ta ɗauka ni zan gaya mata, ai 'yar uwata ce. Ni kuwa na ɗauki waya ranar Talata har sau uku, na nemo lambarta, na mayar da wayar cikin jaka. Na iya tsaya wa shugaba, amma na kasa ce wa Yayata kalma biyar. Shi kuma ba wawa ba ne. Da ya ga na yi kunnen uwar shegu da maganar rajista, ya zauna gaban kwamfuta da kansa, ya ga kati ɗaya da ke aron littafi guda sau huɗu sau biyar, kuma kullum Laraba.

Ranar Laraba ƙarfe goma saura ya zo ya tsaya a gefen teburina, hannu a baya. Yaya ta shigo tana jan gwiwar nan tata, ta ajiye littafin, ta ɗora kati, ta nemi fankarta. Kafin in kai hannu ya riga ni. Ya gaishe ta da ladabi, ya buɗe shafin ƙarshe. Na san shafin, don na karanta kafin a sa littafin a kanta: Sufeto ta je har ƙofar shagon Makaniki cikin ruwan saman da hukuma ta saki, ta ɗaga hannu, ta fasa, labarin ya ƙare a nan. Ya juyo da shafin don mutanen ɗakin su gani, ga jan rubutu ɗanye a gefe, sannan ya karanta da ƙarfi, a matsayin shaida.

"Ba sai ta yafe ba. Ta buga ƙofar kawai. Yana ciki, ya tsufa, kuma ya san bai kyauta ba."

Shekara shida tana rubuta mini cewa Makaniki ya yi daidai. Yau ce rana ta farko da ta rubuta bai kyauta ba, kuma a bakin baƙo na ji shi. Yaya ba ta sauke idonta daga fanka ba, amma na ga yadda ta damƙe hannun jakarta.

Shugaba ya tambaye ta ko rubutunta ne. Ta ce nata ne, kuma in ya duba da kyau ba zai sami kuskuren rubutu ko ɗaya ba. Ya ce to zai riƙe katin, littafin kuma kwali zai shiga.

"Ranka ya daɗe," na ce, "fensirin da ke amsa mata a littafi tara ɗin can, nawa ne. Ni na rubuta takardar bango, ni kuma na karya ta. In za a karɓi kati a fara da nawa, ga makullai ma in ana so."

Ya ce zan sami takardar tuhuma kafin a tashi. Na ce ina jira. Na kuma tuna masa, da ladabin da ya rage mini, cewa kati ba ya mutuwa sai an cika fom an sa hannu, fom ɗin kuma yana cikin ofishinsa. Ya san gaskiya na faɗa, mutum ne mai bin doka har ta kai shi rami. Ya ajiye littafin a kan tebur ya juya ya nufi ofis da sauri.

Na jawo littafin. Na zaro fensir daga bayan kunnena, a gaban Ungozoma da kowa, a ƙarƙashin takardar da ta hana, na yi rubutu a ƙasan jan. Sannan na buga hatimin sati biyu a kan katin Yaya, na tura mata littafin da katin tare. Lokacin da shugaba ya fito da fom a hannu, na ashirin da uku ya riga ya zama littafin da ke hannun mai aro.

Yaya ba ta sa shi a jaka ba. Ta buɗe shafin a tsaye, ta nisanta shi da idonta don ba ta zo da tabarau ba. Abin da na rubuta ba shi da yawa: "Za ta buga ranar Asabar da la'asar. Ba ta yafe ba tukuna. A dafa shayi, amma ba a filas ba."

Ta daɗe tana karanta layi ukun nan, fiye da yadda suke bukata. Shugaba yana tsaye da fom ɗinsa yana neman wanda zai saurare shi. Ta rufe littafin, ta sauke idonta a kaina, karon farko cikin shekara shida.

"Auta," ta ce, "har yanzu rubutunki kamar kaza ta bi ta kan takarda."

Na ce mata ita ta koya mini. Ta ce ƙarya ne, ba ta taɓa koya wa kowa wannan ba. Ta sa littafin a jaka ta fita tana jan ƙafa, ni kuma na miƙa wa shugaba hannu in karɓi takardar tuhumar da za a ba ni.