Kwas Biyun da Balaraba Ta Sauke

Jiya da rana, tsakanin azahar da la'asar, Balaraba ta yi wani mafarki.

Malamar firamare ce, shekarunta talatin da takwas, 'ya'yanta huɗu. Shekara uku ke nan tana zuwa kwalejin ilimi in an tashi daga makaranta, yanzu saura zangon ƙarshe mai kwas shida. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a gaban allo. Likita ya ce jininta ya hau, in ba ta rage wa kanta aiki ba, zuwa na gaba ɗauko ta za a yi. Da safe ta je kwalejin ta sa hannu, ta ajiye kwas biyu, Ƙididdiga da Tarihin Ilimi. 'Yan ajinsu za su sa rigar yaye bana, ita kuwa sai baɗi. Mahaifiyarta Inna Kande, wadda ɗakinta ke jikin nata, ta haura tamanin, ciwo ya ci jikinta, kuma tun farkon damina take tambayar ranar bikin yayen. Balaraba ba ta gaya mata ba. Ta shigo gida ta yi salla, ta kishingiɗa a kan sallayar, ko hijabi ba ta cire ba.

Sai ta gan ta a ƙofar kwalejin, goye da kwasa-kwasan nan shida. Yara ne, kansu ɗaya, duk sun yi ɓul-ɓul, an ɗaure mata su da majanyi guda. Ba sa kuka, nauyi ne kawai. Ƙididdiga ne can sama, yana ƙirga gashin kanta, in ya kai ɗari sai ya manta ya koma farko.

Ofishin rajista yana hawa na uku, a garin kuwa mai son hawa gangarawa yake yi. Ta yi ta gangara matakala har ta iso sama, tana hango rufin kwanon gidaje. Akwai layi. Wanda ya zo a makare shi ake fara gani, ita kuma ta yi sammako, don haka ta tsaya a ƙarshe. Ƙawarta Saude, wadda suke zama benci ɗaya a aji, ta fito daga ofishin sanye da baƙar rigar yaye tana ɓare gyaɗa.

"Ke har yanzu ba ki yaye su ba?" in ji Saude, tana leƙa bayanta.

"Ba su isa ba."

"Mu ai tun gobe aka yaye mu," ta ce. Ta zuba mata ɓawon gyaɗar a hannu, ta wuce.

Mai rajistar zabuwa ce. Tana da tabarau, tana kwance a kan hatimin ofis kamar ƙwai.

"Me ke tafe da ke, Malama?"

"Ranki ya daɗe, biyu nake so in sauke."

"Dalili?"

"Na gaji."

Zabuwar ta jawo tiya daga ƙarƙashin tebur. "Kawo gajiyar a auna."

Balaraba ta kwance bakin zaninta ta fara zubawa. Gajiyar kamar gero take, sai dai ta fi shi duhu. Ta cika tiya, ta zuba a kan fayiloli, ta malala ƙasa, ta fita ta ƙofa ta bi layin ɗalibai, su kuma suna ɗaga ƙafa tana wucewa. Zabuwar ta tsattsagi ƙwaya biyu uku ta haɗiye.

"Mai kyau ce, ta bana ce," ta ce. "Amma ta yi yawa. Doka tiya biyu ta ce. Wadda gajiyarta ta wuce haka ba ta da ƙarfin sauke kaya. Je ki huta ki dawo."

"Ai sai na sauke zan huta."

"Haka ne," in ji zabuwar. Ta ɗaga cikinta, ta ɗauko hatimin, ta buga wa Balaraba a goshi. Da ɗumi. "An amince. Sai dai ba ma ajiye su a nan, ba mu da tabarma. Kai su gida."

A hanya inuwa ce ke da zafi, mutane duk sun fito tsakiyar rana suna shan iska. Likitanta yana gindin wata bishiyar darbejiya, ya ɗaura mata abin awon jini a reshe yana matsawa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Malama, ita ma jininta ya hau. Na ce ta rage ganye ta ƙi." Balaraba ta yi wa bishiyar sannu ta wuce.

Gidan da ta shiga na ƙauye ne, inda aka haife ta, wanda ruwa ya rushe shekara ashirin da suka wuce. Inna Kande na tsakar gida tana daka. Yarinya ce shataf, ko shekarun Balaraba ba ta kai ba, haƙoranta duk suna nan. Ta riƙe taɓarya cak a sama, turmin ne ke tashi yana bugunta yana komawa.

"Waɗannan fa, na wa?" in ji Inna.

"Nawa ne, Inna. Biyu na kasa."

"To kwantar da su can kusa da rumbu."

Balaraba ta sassauta majanyi ta zaro Ƙididdiga, ta zaro Tarihin Ilimi, wanda sai yanzu ta lura jariri ne mai furfura a gemu. Inna ta ɗebo kunu a ludayi ta ba su, suka sha suka yi gyatsa, suka juya wa Balaraba baya. Ta yi zaton za ta ji sauƙi. Ta miƙe, sai ta ji tana tafiya gaba kamar za ta kifa, don bayanta ya saba da nauyin shida. Ta dafa bango. Inda yaran biyu suka tashi, nan ne ya fi ciwo.

A kan igiyar shanya akwai baƙar riga mai faɗin hannu, tana ɗiga.

"Na wanke miki rigar bikin," in ji Inna. "Ta ƙi bushewa. An ce sai baɗi."

Balaraba ta daɗe tana kallon rigar. Can ta ce, "Inna, za ki kai baɗi?"

"Baɗi? Ai nan ne bayan gidan Malam Shitu mai faci. Jiya ma na je ɗebo wuta."

"Da nisa?"

"Ga mai ƙafa babu nisa."

Balaraba ta dubi ƙasa don ta ga ƙafafun Inna. Zanin ya sauka har yana share ƙasa. Ta miƙa hannu za ta ɗaga bakinsa, sai ta fasa, ta gyara goyon huɗun da suka rage ta fita.

Bayan gidan Malam Shitu lungu ne siriri, tayoyin keke rataye a bango. Ta yi taku goma, lungun ya ƙara goma. Da ta ga haka sai ta tsaya cak don ta huta, ƙarshen lungun kuwa ya taso da kansa ya same ta.

Baɗi fili ne babba, an kakkafa rumfuna, an jera fararen kujerun roba har inda ido ya tsaya. Mutanen baɗi su ne dai na bana, sai dai tufafinsu sun ɗan koɗe. Ta hango 'ya'yanta huɗu a can gefe, wandunansu duk sun ɗage. Ba su gan ta ba. Kujerun gaba na iyaye ne, kowace da suna a jikinta. Wani kunkuru mai jar hula yana tsaye a bakin igiya da takarda a hannu.

"Sannu da aiki. Kujerar Kande nake nema, mahaifiyar Balaraba."

Kunkurun ya juya takardar gaba da baya. Fara ce fat.

"Sunaye ba su fito ba."

"Yaushe za su fito?"

"In an watse."

Ta sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ta shiga, bai hana ta ba. Ta bi kujerun layi-layi. Duk wadda ta duƙa za ta karanta, sai haruffan su watse kamar tururuwa su shige ƙarƙashi. Ta duba ɗari, ta duba ɗari biyu, yaran da ke bayanta suna barci suna ƙara nauyi. A ƙarshen layi na bakwai ta ga wata kujera ba kowa a kai. A ƙarƙashinta akwai takalman robar Inna, masu ɗinki a dunduniya, an jera su daidai. Ta taɓa kujerar. Da sauran ɗumi.

Wata tsohuwa da ba ta sani ba na zaune a kujerar kusa, tana fifita da murfin tukunya.

"Baba, mai kujerar nan fa?"

"Ta tashi."

"Ta tashi ta je ina?"

"Ta dai tashi."

"Za ta dawo?"

Tsohuwar ta miƙo mata ruwa a cikin rariya. "Sha, 'yar nan, kin sha hanya."

Balaraba ta sha. Lasifika ta kira sunanta. Mutane suka fara tafi, suna waige-waige. Ta san in ta tafi karɓar takardar wani zai zo ya zauna a kujerar, in kuma ta zauna a kai, Inna za ta dawo ta rasa wuri. Sai ta zauna a ƙasa da goyonta, ta rungume ƙafar kujerar, ta jawo takalman kusa da ita. Ta ce a ranta, bari dai a ɗan jira. Shugaban kwalejin ya matso da bakinsa kusa da lasifika zai sake kiranta, amma abin da ya fito shi ne ƙurus, ƙurus, ƙurus.

Ta buɗe ido. Wuyanta ya sage, hijabin ya jiƙe da gumi, rana ta karkata ta shigo ta ƙasan labule. Ƙarar na nan, daga ɗakin da ke jikin nata. Inna ce ke goga goro a magogi, tunda haƙoran sun daɗe da ƙarewa. Balaraba ta kwanta shiru tana saurare, ba ta son ta motsa. Da ƙyar ta dafa ƙasa ta tashi, ta je ta ɗaga labulen.

Inna Kande na zaune a bakin gado, ƙanƙanuwa, ƙafafunta a kumbure a kan tabarma.

"Kin tashi? Ina ta jin ki kina magana ke kaɗai."

"Inna, na rage karatun. Bikin bana ba da ni za a yi ba. Sai baɗi."

Gugar ta tsaya. Inna ta dube ta, ta dubi idanunta da suka faɗa. Sannan ta karkaɗe garin goron a tafin hannunta.

"Allah ya kai mu," ta ce. "Matso min da butar nan, an kusa kiran salla."

"Amin," in ji Balaraba. Ta duƙa ta ɗauki butar, ta ji ba ruwa a ciki, ta fita ɗebowa.