Katin Direbobi

Wata uku ke nan rumbun bayanan kamfanin motocin safa na Arusha yana wasa da hankalin Salome Shirima, mai kula da kwamfutocin kamfanin. Sai a yi kwana huɗu lafiya lau, ran na biyar da hantsi komai ya dinga jan ƙafa, masu sayar da tikiti su zura wa allo ido, layi ya kai bakin titi. Bayan minti ashirin ya warware da kansa. Ta sauya faifai, ta ƙara wa na'urar ƙwaƙwalwa, duk a banza.

Da ta gaji, ta jera ranakun da abin ya faru a takarda. Ɗaya ta tsaya mata a rai: sha bakwai ga Maris, ranar haihuwar Mrisho, daɗaɗɗen direbansu. Ta duba sauran, kowacce ranar haihuwar wani direba ce da ya daɗe a kamfanin.

Can cikin tsofaffin fayiloli ta tarar da ɗan shirin kwamfuta da Mzee Kileo, wanda ya koya mata aiki, ya rubuta shekara sha shida baya. Duk direban da ranarsa ta zagayo, shirin yakan ƙirga tafiye-tafiyensa kaf ya buga masa a kati. A lokacin motoci tara ne, ofishin ɗaki guda a bayan tasha. Sukan taru da shayi da mandazi, wato fanken can, Kileo ya karanta katin da muryar mai shela, direbobi na yi wa juna tsiya. Yanzu motoci sun haura ɗari uku, firintar ma an daɗe da jefar da ita, amma shirin bai fasa ƙirgensa ba, ga shi tafiye-tafiyen sun taru sun yi masa nauyi.

Ta kira Kileo a gonarsa ta ayaba a Moshi.

"Baba, na kama ɓarawon. Kai ne."

Da ta yi masa bayani, ya yi dariya har da tari. "Wannan abin yana nan da rai? 'Yata, ni da na rubuta shi har na fara manta sunayen jikokina."

"In kashe shi?"

"Mrisho yana tuƙi har yanzu?"

"Bana zai ajiye."

"To, bar shirin ya kai ƙarshen bana."

Salome ta gyara shirin yadda zai gama ƙirgensa cikin daƙiƙa biyu, rumbun bai sake jan ƙafa ba. Da yamma ta nemi izinin hutun Asabar, ta yanki tikitin motar Moshi.