Takardar Haihuwar Erivan

Ranar da Erivan ya cika shekara goma sha shida, a kan Adailton aka fasa ƙwan.

Haka yaran makarantar ƙwallon kulob ɗin suke yi. Duk wanda ranar haihuwarsa ta zagayo, da an tashi atisayen safe sai su rufar masa, wannan ya fasa masa ƙwai a ka, wancan ya juye masa fulawa, har ya koma kamar kifin da za a soya. Wendel ɗan jihar Bahia, wanda suke kwana ɗaki ɗaya, shi ya sato ƙwan daga kicin a cikin safarsa.

"Ku riƙe min tsohon nan!" in ji Wendel. "Wai sha shida! Kai ɗan Piauí, gemun nan naka ai ya girmi babana."

"Babanka ma gemun aro gare shi," in ji Adailton, yana dariya, ƙwai na gangaro masa ta bayan kunne.

Dariyar baki ce kawai. Shi dai shekararsa goma sha tara, kuma sunansa Adailton. Erivan ƙanensa ne, wanda ruwan dam ɗin ƙauyensu na jihar Piauí ya cinye yana da shekara bakwai. A ranar an bar wa Adailton tsaronsa, shi kuwa ƙwallon tsumma ta ɗauke masa hankali a bayan coci. Ko da aka tsamo yaron, la'asar ta yi. Aka binne shi a maƙabartar bakin hanya, a ƙarƙashin wata bishiya, kamar yadda ake binne yaran ƙauye. Ofishin rajista yana can tafiyar rabin yini, wa zai je? Takardar haihuwarsa ta ci gaba da zama a gwangwanin biskit na mahaifiyarsu, Dona Zuleide. A wurin gwamnati Erivan bai taɓa mutuwa ba.

Shekara bakwai bayan nan wani mai farautar 'yan wasa, Seu Nivaldo, ya biyo ta ƙauyen da jar motarsa. Ya tsaya ya kalli Adailton yana wasa ba takalmi, ya tambayi shekarunsa, aka ce sha bakwai. Sai ya yi tsaki.

"Kash! Ƙafa kam akwai ta. Amma sha bakwai ya tsufa, ba kulob ɗin da zai kalle shi. Ga shi ɗan firit, yunwa ta yi masa alheri. Da a ce sha huɗu ne, da yau zan tafi da shi."

Ba wanda ya tilasta Dona Zuleide. Ita da kanta ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin. Ƙauyen kaf sun sani, kuma kaf suka ja bakinsu suka yi shiru, don kowa yana son ranar da za a ga ɗan garinsu a talabijin. Abu ɗaya Seu Nivaldo ya gindaya kafin ya tayar da mota: gicciyen katakon da ke kan kabarin, a kankare sunan da ke jikinsa. Aka kankare.

Shekara biyu ke nan Adailton yana amsa sunan mamaci. Yana aske gemu safe da yamma. In sun je wasa wani gari, 'yan kallo su yi ta yi masa kukan kyanwa daga bayan waya, don kyanwa ake ce wa mai rage shekaru. Wannan bai dame shi ba, ai kowane yaro mai ƙirji ana yi masa. Abin da ya dame shi daban ne. Duk sanda aka kira "Erivan!" sai ya ɗan dakata, kamar ƙiftawar ido, yana jiran mai sunan ya amsa. Kuma a cikin wannan ɗan dakatawar sai ya ji warin dam: laka da ruɓaɓɓen ganye da ruwan da ya kwana cikin rana. In aka kunna famfunan ban ruwa na fili kuwa, warin har maƙogwaronsa yake kaiwa, ya ji kamar wani ƙaramin mutum yana tsaye a gefen hagunsa, jiƙe sharkaf, yana jira a ba shi ƙwallo. Bai taɓa juyawa ya duba ba. Tsoro yake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Kocinsu, wanda duk yaran ke ce wa Farfesa, ya gaji da abin.

"Erivan! Kai wai kurma ne? Sai na kira ka sau biyu? Ƙafarka tana gaba, kunnenka yana Piauí!"

To yau dai ga ranar ta zo. Yaro ba ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru sai ya cika sha shida, kuma sai da uwa ko uba a gefensa. Kulob ya aika wa Dona Zuleide tikiti. Kwana biyu ta yi a mota, ta sauka da safen nan. Ƙarfe uku za a sa hannu.

Ya same ta a ɗakin cin abinci, zaune a bakin benci, jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ta rame. Ya sunkuya ya kama hannunta ya sumbata.

"Sa min albarka, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Tun da ya bar gida ba ta sake kiransa da suna ba, ko a waya. Ɗana, shi ke nan. Ta ɗaga hannu ta ciro masa ɓawon ƙwai daga gashi, ta dube shi a tafin hannunta.

"Wannan fa?"

"Yara ne. Na ranar haihuwa."

Ta daɗe tana kallon ɓawon. "Shi ma yana son ƙwai," in ji ta. Ta sa shi a aljihun jaka.

Ya kawo mata shinkafa da wake da garin rogo da cinyar kaza. Ta ci loma biyu ta ture. Ta ciro masa mazarƙwailar da ta zo da ita, naɗe a takarda. Wendel ya biyo ta wurin da farantinsa, ya rusuna.

"Sannu da zuwa, Mama! Ki gaya mana gaskiya, me kika ba Erivan yana jariri? Nonon bijimi?"

Ta yi masa murmushi. Da ya wuce sai murmushin ya tafi tare da shi.

"Akwai magana," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Za a faɗaɗa hanya. Ƙaramar hukuma za ta kwashe maƙabarta ta mayar bayan coci. Sun ce bayan ranar tunawa da matattu ma'aikaci zai zo da littafi. Kabarin da ke da suna za a ba shi wurinsa. Wanda babu, a haɗa su rami ɗaya."

Ranar tunawa da matattu saura kwana uku. Adailton ya ajiye cokali.

"A faɗa musu ɗanki ne mana."

"Na faɗa. Ya ce ɗana wa? Suna yake so, da ranar haihuwa da ranar mutuwa, da shaidu biyu. Kuma a kwamfuta za su sa. Na tambayi Seu Nivaldo a waya, ya ce in sunan nan ya shiga kwamfuta ka gama yawo, kora ce, har da 'yan sanda." Ta gyara riƙon jakar. "Shekara biyu ina kunna kyandir a kan katakon da ba rubutu. Fada, limaminmu, yana karanta sunayen matattu a coci, kowa ya miƙa nasa, ni ina zaune kamar ban taɓa binne kowa ba. Wannan na jure. Amma rami ɗaya da baƙi, ɗana? Yaron da ko barci ba ya yi sai ya riƙe rigarka?"

Adailton ya ture farantinsa. Ya ce, "Sai in fasa. In shiga yanzu in gaya musu komai. Mu koma tare, in rubuta sunansa da hannuna."

"Ka koma ka yi me? Ka yi kiwon awakin wani?" Ba faɗa take yi ba, tambaya ce. "Ni na fito da takardar nan. Ban zo in ce ka fasa ba."

"To me kika zo ki ce?"

Ba ta kalle shi ba. Tana kallon farantin.

"Akwai suna ɗaya a gidanmu da ba mai amfani da shi."

Da farko bai gane ba. Sai can ya gane: sunansa ne za a rubuta a kan kabarin. A waje an kunna famfunan fili, ruwa na feshi cikin rana tsaka, warin dam ya shigo ta taga ya cika ɗakin. Yara na ta hayaniya da cokula, ba wanda ya ji komai.

"Ban yanke ba," in ji ta da sauri. "Naka ne. Ni na raɗa maka, amma naka ne. In ka ce a'a, a'a ne. Shaidu kam akwai, duk garin za su rantse."

Ƙarfe uku aka kira su ofis. Ɗaki mai sanyin na'ura, kofuna jere a kabad, darakta da farar riga yana ta murmushi. An ajiye sabuwar rigar kulob a kan tebur, an buga ERIVAN a bayanta da manyan baƙaƙe. Mai ɗaukar hoto yana tsaye a gefe. Farfesa ya dafa kafaɗarsa.

"Yaron nan, Dona Zuleide, yana wasa kamar ɗan shekara ashirin. Kunne ne kawai ba shi da shi."

Aka yi dariya. Darakta ya turo takardun, shekara uku, ya nuna inda za a sa hannu. Adailton ya ɗauki biro. Yana iya ajiye shi. Kalma biyar ce kawai, ni ba Erivan ba ne, sai kowa ya koma cikin sunansa, mai rai da mamaci. Ya buɗe baki. Ya tuna ɗakinsu da ke yoyo, ya tuna tsagewar dugadugan mahaifiyarsa, ya tuna filin nan kore shar da yake ji kamar don shi aka shimfiɗa. Kuma gaskiyar magana, ko da babu yoyo babu tsagewa, yana son ƙwallon nan. Yana son ta kamar yadda ya so ta a bayan coci ranar da ya manta da ƙanensa. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona masa rai, don ya san ba don Mama kaɗai zai yi ba.

A gefen hagunsa an tsaya ana jira. Bai juya ba. Ya rubuta Erivan, hannunsa ko rawa bai yi ba, don ya saba.

Dona Zuleide ta zana nata sunan harafi-harafi, harshe a tsakanin haƙora, shi kaɗai ta iya rubutawa a duniya. Aka miƙa masa rigar, aka ce ya yi murmushi. Ya yi.

Ta ƙi kwana. Ta ce in ba ta kama motar ƙarfe biyar ba, ranar matattu za ta same ta a hanya. Ya raka ta tasha. Suka zauna a kan kujerun roba, mai sayar da kofi yana ta kai da kawowa. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ya san ba za ta tayar ba. Za ta hau motar nan haka, ta je ta tsaya tana kallo a juye Erivan a rami ɗaya da baƙi, ba za ta taɓa ce masa kai ne ba.

Da aka fara kiran fasinjoji, ya ce, "Ba ni takardar mazarƙwailar nan."

Ya aro biro a wurin mai yankan tikiti. Ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa ya goge maiƙon da hannun riga. Ya rubuta da manyan baƙaƙe yadda mai fenti zai gane: ADAILTON PEREIRA DA LUZ. A ƙasa ya sa ranar da aka haife shi, ta gaskiya, wadda rabon da wani ya tuna da ita shekara biyu. Ya ja ɗan layi. Sai ya sa ranar dam. Da ya duba sai ya ga shekara goma ce cif tsakaninsu, kuma abin bai yi masa kama da ƙarya ba.

"A sa shuɗin fenti," in ji shi. "Shuɗi yake so."

Ta ninke takardar huɗu, ta sa a aljihun da ɓawon ƙwan yake. Ya sumbaci hannunta, ta sa masa albarka, ta hau. Ta sami kujerar taga. Direba ya tayar, motar ta fara ja da baya a hankali. Sai ya ga tana kokawa da gilashin har ta buɗe shi, ta leƙo da kanta, ta manta da Seu Nivaldo, ta manta da mutanen tasha, ta kira da dukkan muryarta:

"Adailton!"

Ya ji ta sarai. Ya ɗan dakata, kamar ƙiftawar ido, yana jiran mai sunan ya amsa. Warin laka ya taso daga simintin tashar. Ko da ya tuna ya ɗaga hannu, motar ta riga ta sha kwana.