Ranar da MaNdlovu Ta Ƙi Danna Hon

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Hoton ya fito a jarida bara, can shafi na biyar, ƙarƙashin tallan takin zamani: giwaye uku kwance a gefen layin dogo tsakanin Gwaai da Dete, uwa da 'ya'yanta biyu, jirgin dakon kwal ya bi ta kansu. Ka girgiza kai, ka ce Allah ya kyauta, ka juya shafi kana neman sakamakon ƙwallo. To, yau babu juya shafi. Gyara zama ka ji abin da ya sami Sithabile Ndlovu a kan wannan layin, wata Alhamis cikin watan Agusta, lokacin da ake tsakiyar rani a can.

Shekara tara Sithabile ta yi tana jan taragun kwal a harabar tashar Hwange, gaba da baya, gaba da baya, baƙar ƙura har cikin kunne. Sai aka ce za a gwada ta a jirgin alfarma na masu yawon buɗe ido, wanda ba a taɓa ba mace ta ja ba. Gwaji uku ne, ta ci biyu. Na yau ne na ƙarshe: ta karɓi jirgin a Gwaai da hantsi, ta tsayar da shi a tsakiyar gadar Mosi-oa-Tunya, inda babban kogi ke zubowa cikin kwazazzabo feshinsa na tashi kamar hayaƙi, kafin rana ta faɗi, domin faɗuwar rana a kan wannan ruwa ita ce abin da baƙin suka ƙetaro teku su gani. In ta isa a kan lokaci, jirgin ya zama nata. In ta makara, kwal na jiran ta.

Sufeton da aka haɗa ta da shi, Baba Mpofu, saura wata huɗu ya yi ritaya. Dogo ne siriri, da baƙin littafi a cinya, biro a bayan kunne, da kwanon tuwon masara da matarsa ta naɗe masa cikin tawul.

"MaNdlovu," in ji shi, ya kira ta da sunan gidansu yana gyara zama a kujerar gefe, "kwal ba ya ƙorafi, amma kayan da kika ɗauko yau suna da baki. Kika girgiza musu shayi, wasiƙa za ta riga mu isa ofis."

"Baba, shayinsu ko motsi ba zai yi ba. Miyarka nake tsoro, kada Mama ta ce na ɓarar mata da wahala."

"Ji ta! Ku dangin giwa haka kuke, ga girman kai ga dogon hanci."

"Mu dai ba mu gaji gudu ba. Wannan sai ku dangin gwanki."

A harshensu Ndlovu na nufin giwa, Mpofu kuwa gwanki. Ya yi dariya har biron ya faɗo daga kunnensa.

A bayanta taragu goma sha takwas ne, katakonsu na sheƙi, labulensu ya sha guga, wasu har da bahon wanka. Baƙi sittin da 'yan kai suna zaune a kujeru masu laushi, ana zuba musu abin sha mai sanyi. Sithabile ba ta ganin su, amma tana jin nauyinsu a hannunta, kamar mace mai ɗauke da tulu cike fal a ka.

Daga Gwaai layin ya miƙe sambal kamar zaren da aka ja, fiye da kilomita ɗari babu kwana ko ɗaya. Ƙarafan biyu suna haɗewa can nesa inda zafi ke rawa. Da farko kurmi ne hagu da dama, ganye ya yi ja ya yi ruwan ɗorawa saboda rani. Can sai dajin ya buɗe, ga fili har iyakar ganin ido, goriba tsaye ɗai-ɗai. Jakunan dawa suka ɗago kai suka dubi jirgin, suka koma kiwo. Raƙuman dawa biyar suka ruga a jere, gudun nan nasu mai kama da na mafarki, ƙafa na tafiya wuya na lilo. Ita da aka haifa a Dete, ta girma tana ganin wannan, har yau in ta fito filin nan sai ta ji numfashinta ya ragu.

Rana ta take tsaka sa'ad da ta hango ƙura ta hagu. Ta zaci gobarar daji ce. Da jirgin ya matsa sai ƙurar ta yi ƙafafu, ta yi kunnuwa. Katanga ce guda mai launin toka tana tafiya, ta nufo layin daga wajen tafki, babu farkonta babu ƙarshenta. A kan ƙarfen kansa kuwa wata tsohuwar giwa ta riga ta tsaya, haurenta na dama a karye, ta fuskanci jirgin.

Littafin aiki bai bar shakka ba. Sashe na goma sha huɗu ya ce: dabba a kan layi, a rage gudu, a danna hon mai tsawo sau uku, a ci gaba a hankali. Wanda ya rubuta shi yana zaune a ofis, fanka na kaɗa masa takardu. Mahaifin Sithabile kuwa shekara talatin ya yi yana gyaran wannan layi da diga, kuma shi ya gaya mata abin da hon ke yi wa garke. Manya su faɗa daji. Ƙanana, in suka firgita, ba sa iya tsallake ƙarfe da tudun tsakuwa, sai su miƙe a guje tsakanin ƙarafan biyu, jirgi na bayansu. Kakarta, Gogo, ta gaya mata da gajeriyar magana tun tana 'yar shekara shida: duk mai sunan Ndlovu giwa ce kakarsa, ba ya cin namanta, ba ya kuma yi wa babba tsawa a ƙofar gidansa.

Ta ja birki a hankali, a hankali, yadda ko cokali ba zai motsa a tarago ba. Jirgin ya tsaya taku ɗari daga tsohuwar. Ta kashe injin.

"Hon, 'yata," in ji Baba Mpofu.

"Ba zan iya ba, Baba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba? Ki faɗa mini, don ni zan rubuta."

"Ba zan yi ba."

Oba-oba ta yi ƙara. Mista Swanepoel ne, manajan jirgin, daga taragon cin abinci. "Direba, lafiya? An fara raba miya, ga mu tsaye kamar motar da mai ya ƙare wa. Me ake jira?"

"Manya ne a kan hanya, ranka ya daɗe."

"Waɗanne manya? Ki busa musu mana su ba mu wuri! Kin san inda rana take kuwa?"

Ta ajiye oba-obar. Ta buɗe ƙofa, ta sauka matakala ɗaya, zafi ya doke ta a fuska. Ta ɗan rusuna, ta dunƙule tafukanta ta tafa a hankali, irin tafin da mata ke yi in sun shiga gaban dattawa.

"Gatsheni," ta ce, ba da ƙarfi ba, tana kiran tsohuwar da kirarin dangin giwa. "Mai hanya tun ba a shimfiɗa ƙarfe ba. Jikarki ce, ba da faɗa na zo ba. Wuce da 'ya'yanki, in kun gama mu ma mu wuce."

"Wai da ita kike magana?" in ji Baba Mpofu daga ciki. "To, ta ce me?"

"Ta ce gwanki ya yi shiru, manya na magana."

Bai yi dariya ba wannan karon, domin garken ya iso.

Abin da ya fara kama ta shi ne shirun. Dabbobi masu nauyin mota, ɗaruruwansu, suna hawa tudun tsakuwa suna sauka, amma tafiyarsu ba ta fi ta mai sanɗa ƙara ba. Sai kaɗawar kunnuwa, fat, fat, da gogar fata da fata. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wani gurnani da kunne ba ya kamawa sosai, ƙirji ne ke jin sa. Ya biyo ƙarfen layin, ya hau matakalar, ya shiga tafin ƙafarta. Iyaye mata suka wuce da 'ya'yansu a ƙarƙashin ciki. Samari suka wuce suna ture juna. Wani toro ya wuce, jikinsa sharkaf da jar laka, tsayinsa ya kai tagar direba. Ƙura ta tashi ta rufe rana har hasken ya koma ja. Baba Mpofu ya fara ƙirga da bakin biro a kan gwiwarsa, ya kai ɗari biyu da goma sha wani abu, ya bari.

Duk wannan tsohuwar ba ta gusa ba. Tana nan a tsakiyar layi, kunnuwa a buɗe, ta tsare tsakanin jirgin da jama'arta.

Oba-oba ta sake ƙara. Muryar Mista Swanepoel ta sauka kamar mai magana a coci. "Direba... kowa ya bar abinci. Akwai wata tsohuwar baƙuwa a nan tana kuka. Shekara sha biyu nake bin hanyar nan..." Ya gyara murya. Can ya ce, "Amma fa minti talatin ke nan. Dole in saka a rahoto."

"Saka, ranka ya daɗe."

Can ƙarshen garken sai ga wani jariri, bai fi kwana uku ba a duniya, gashi ja-ja a bayansa, hancinsa na reto bai san amfaninsa ba tukuna. Ya hau tudun tsakuwa, ya zame. Ya sake hawa, ya kai ga ƙarfen, ya ɗora ƙafa ɗaya, tsakuwa ta zube ƙarƙashinsa ya koma ƙasa da gindi. Ya yi wani ɗan kuka siriri. Uwar ta juyo, ta zura hanci ƙarƙashin cikinsa. Wata ta zo ta baya ta kafa masa ƙafarta ya taka. Suka ɗaga shi tare, ƙarfe na farko, sa'an nan na biyu, ya gangara ɗaya ɓangaren yana tangaɗi, ya shige tsakanin ƙafafun uwarsa.

Sai a lokacin tsohuwar ta motsa. Maimakon ta bi su, sai ta nufo jirgin. Taku ɗarin nan ta cinye shi ba gaggawa, har Sithabile ta ga tsagar da ke karyayyen hauren, ta ga gashin idonta. Ta ɗaga hanci ta shinshina gaban injin, ta kawo shi wajen matakala. Numfashi mai ɗumi, mai warin ciyawa da laka, ya busa wa Sithabile riga. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi haka ba. Daga nan giwar ta juya ta sauka tudun, daji ya haɗiye ta kamar ba a yi ta ba.

Minti hamsin da biyu.

Sun wuce Dete, layin ya fara kwane-kwane cikin duwatsu inda ba a isa a ƙara gudu ba, kafin Baba Mpofu ya yi magana. Tuwonsa na nan a naɗe, bai taɓa ba.

"Shekara ashirin da shida ke nan," in ji shi, yana kallon gaba, "na danna wa giwaye hon kusa da inda muka tsaya ɗazu. Sau uku, yadda littafi ya ce. Ɗan ya ruga a gabana tsakanin ƙarafa, taragu arba'in na kwal a bayana, birki na kuka ba ya kamawa. Uwar ta riga ta tsira, MaNdlovu. Ta dawo." Ya shafa fuska. "Aka rubuta mini: ya bi ƙa'ida."

Ya buɗe baƙin littafin. "Ji nan, 'yata. Zan rubuta cewa birki ne ya ɗauki zafi muka tsaya ya huce. Ba wanda zai tambayi tsoho mai shirin tafiya gida. Jirgin ya zama naki."

Sithabile ta dubi littafin. Ta tuna baƙar ƙurar harabar Hwange, da shekara tara, da Gogo da ta riga ta gaya wa duk matan cocinsu.

"In ka rubuta birki, Baba, gobe wani zai danna hon a wurin, a rubuta masa ya bi ƙa'ida. Rubuta abin da ka gani."

"Taurin kai," in ji shi. "Na ce dangin giwa." Amma ya rubuta, har ya cika shafi uku.

Rana ta faɗi suna saura kilomita ashirin. Daga nan suka hango hayaƙin ruwan ya tashi sama da itatuwa kamar ginshiƙi, sauran jan haske ya kama kansa, ya yi ta dusashewa suna kallo. Da ta tsayar da jirgin a kan gada, kwazazzabon ya riga ya yi duhu, sai rugugin ruwa da yayyafinsa a gilashi.

Mako biyu bayan haka takarda ta zo. Layi biyu ne: ba ta danna hon ba, ta makara minti hamsin da biyu. Shafi ukun Baba Mpofu ba a ambace su ba. Baƙi da yawa sun rubuto cewa ba su taɓa ganin rana irin wannan ba, aka saka wasiƙunsu a tallan jirgin, tare da hoton jaririn yana tsallake ƙarfe. Wadda ta tsaya masa kuwa, yanzu haka da kake karanta wannan, tana harabar Hwange tana jan kwal, gaba da baya. Sashe na goma sha huɗu na nan yadda yake, ko waƙafi ba a taɓa ba, kuma ranin bana ya fi na bara tsanani, garkunan za su yi ta ƙetare layin zuwa ruwa.

Baba Mpofu ya yi ritaya. Yana yawo da takarda tasha zuwa tasha, tana neman abu uku: a soke hon a kan giwa, a rage gudun kowane jirgi a miƙaƙƙen layin, a mayar wa Sithabile Ndlovu jirginta. Sunansa ne na farko a kai. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zai kasance a zauren taro na Dete. Kada ka ce Allah ya kyauta. Tashi ka je ka sa hannu, ka tafi da maƙwabcinka, ka kuma riƙe bironka, na tsohon ya kusa ƙarewa.