Faswod ɗin Malama Rekiya

Terfa yana da shagon gyaran kwamfuta a kan titin Makurdi, cikin garin Lafiya. A damunar shekarar 2009 aikin da ya fi cin ransa ba na wani ofis ba ne, na wata tsohuwar hedimistires ne mai ritaya, Malama Rekiya, wadda ta koyar da shi a firamare.

Ita kaɗai take zaune a gidanta tun rasuwar mijinta. 'Yarta Halimat nas ce a Obi, ɗanta Zulkifilu kuma yana karatu a ƙasar waje. Kafin ya tafi ya bar mata laftof da modem na haɗa intanet, ya saita mata burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta yadda da ta buɗe shafin imel za ta tarar da sunanta da faswod a rubuce, danna shiga kawai za ta yi. Tun bara abin yake tafiya lafiya, sai kwatsam ya daina.

"Terfa, ɗana, na'urar nan ta manta da ni," in ji ta a waya. "Kullum sai ta ce in sa faswod, ni kuma Zulkifilu ne ya san shi."

Ya hau babur ɗinsa ya je. Ya tarar da gurbin faswod fayau. Suka yi wa Zulkifilu saƙon tes, ya turo faswod ɗin. Terfa ya rubuta, burauza ta tambaya ko ta riƙe, ya ce ta riƙe. Ya rufe ya buɗe, ya kashe laftof ɗin gaba ɗaya ya kunna, komai yana nan. Malama ta cika masa leda da lemu ya tafi.

Washegari da hantsi ta sake kira. Faswod ya ɓace.

A wannan zuwan ya zauna sosai. Ya duba ko an saita burauzar ta riƙa share komai idan an rufe ta, ya ga ba a saita ba. Ya duba kwanan wata da agogon na'urar, daidai suke. Ya nemi bairos, cutar kwamfuta, bai samu ba. Ya cire burauzar ya sa sabuwa.

"Mama, ko wani yana shigowa ya taɓa?"

"Wa zai taɓa? Daga ni sai kajina."

"Ke fa, ba ki danna wani abu ba?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ni na koya maka riƙe fensir, yanzu ni kake tuhuma?"

Ya yi dariya ya ba ta haƙuri. Amma da abin ya sake faruwa, sai ya ɗauke laftof ɗin ya tafi da shi shago. Ya ajiye shi a gefen teburinsa, ya kunna da safe, ya kunna da rana, ya cire batir ya mayar. Ko sau ɗaya faswod bai ɓace ba. Ya mayar mata ranar Asabar, ranar Litinin waya ta sake ƙara.

Ya iso bayan la'asar, an yi ruwa an ɗauke, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya sake sa faswod ɗin, sannan ya juya mata laftof ɗin a kan teburin falo.

"Mama, yau ba zan taɓa komai ba. Yi yadda kika saba, ni ina kallo."

Ya koma kan kujera a bayanta. Ta gyara zama ta shiga imel. Akwai sabon saƙo daga Zulkifilu, ta karanta a hankali tana motsa baki, ta yi dariya a wani wuri. Da yatsa ɗaya ta rubuta masa amsa, ta aika. Duk wannan babu kuskure.

Sai ya ga ta ɗora yatsu uku a kan allon rubutu ta danna maɓallai uku a tare, da sauri irin na wanda hannunsa ya saba. Akwatin share bayanai ya fito. Ta bi kowane gurbi ta sa masa alama, har da na faswod, ta danna share.

Terfa ya miƙe yana murmushi, don a ganinsa ya kama ɓarawon. "Mama! Ai ga shi nan. Ke ce kike gogewa da kanki."

"To da in bari?" Ta juyo ta dube shi, fuskarta ba wasa. "Ɗana ya ce duk wanda ya shiga kafen intanet kada ya tashi sai ya share komai. Ban san wanda zai zauna nan bayana ba."

"Wane kafe, Mama?"

Ta tura kujerar baya, ta ɗauki mayafinta da jakarta da ke kan hannun kujera, ta yafa.

"Lokacina ya ƙare," ta ce. "Sannu da aiki, samari. Yau intanet ɗinku bai yi nauyi ba. Taimaka ka tsayar mini da okada, in tafi gida kafin magariba."

Murmushin ya bushe a fuskar Terfa. Ya dubi falon. Ga hoton aurenta a bango, ga takalmanta a bakin ƙofar ɗaki, ga tukunyarta yana jin ƙamshinta daga kicin. Ya jira ta yi dariya ta ce wasa take yi. Ba ta yi ba. Kallon da take masa na baƙo ne, mai ladabi, irin wanda ake yi wa mai shago.

"Mama, ni ne fa. Terfa."

"Madalla, Terfa. Suna mai daɗi."

Ta wuce shi ta fita. Sai da ya ji ƙarar ƙyauren get sannan ya bi ta da gudu. Har ta ɗaga wa wani mai okada hannu.

"Ina za mu, Hajiya?" in ji mai okadar.

"Adogi. Kwatas ɗin malamai, bayan makaranta."

Terfa ya san wurin. Can ta zauna da mijinta tun Terfa yana ɗan aji biyu, kuma an daɗe da rushe gidajen. Ya riƙe kan babur ɗin, ya ce wa mutumin a hankali ya yi haƙuri ya tafi. Mai okadar ya dube su duka biyun, ya ja babur ɗinsa.

"Me ya sa ka kore shi?"

Da ƙyar Terfa ya ce, "Hadari yana dawowa, Mama. Mu shiga ciki mu ɗan jira."

Ta dubi sama, ta yarda. Ya zaunar da ita a falo ya kawo mata ruwa, sannan ya fita baranda ya kira Halimat.

"Wace irin magana ce wannan?" in ji Halimat. "Da safen nan muka yi waya, har ta yi mini faɗa a kan ban je bikin ƙawata ba."

"Anti, ni dai ki zo. Ban iya faɗin shi a waya ba."

Kafin motar Obi ta sauke Halimat, Malama Rekiya ta dawo daidai. Ta cire mayafin, ta sauke tukunya, har ta tambayi Terfa ko matarsa ta haihu. Halimat ta shigo da kayan aiki a jikinta, ta tarar da uwarta tana zuba abinci. Ta juya ta harari Terfa.

"Ka tayar mini da hankali a banza. Ga ta nan ƙalau."

"Me ya faru?" in ji Malama.

Terfa ya so ya yi shiru, amma idonta yana kansa. Ya faɗi komai, tun daga maɓallan nan uku har zuwa mai okada da Adogi. Yana magana yana kallon ƙasa.

Malama ta ajiye ludayin. Ta zauna a bakin kujera.

"Har waje na fita?"

"Har bakin titi, Mama."

"Ban tuna ba." Ta dubi tafin hannunta. "Amma na yarda. Ranar Juma'ar da ta wuce na tsaya a tsakiyar kasuwa da doya a hannu, na rasa ta ina ake zuwa gidan nan. Wata mai sayar da manja ce ta rako ni. Na ce mata jiri nake ji."

Halimat ta zame ta zauna a ƙasa, jakarta a cinya. "Inna lillahi. Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce miki me? Ni kaina tsoro nake ji." Ta share ido da gefen zane. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada wanda ya gaya wa Zulkifilu sai ya gama jarrabawa."

Terfa ya tashi zai ba su wuri. A bakin get ya hau babur ɗinsa, ya daɗe riƙe da makulli bai tayar ba.

A makon ne Halimat ta kai ta wurin likita a Jos. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Halimat ta kwaso kayanta ta dawo gidan, ta riƙa zuwa aiki Obi daga Lafiya. Ba su gaya wa Zulkifilu ba sai da ya ajiye alƙalami, shi kuma ya sayi tikitin dawowa gida a satin da ya ji.

Terfa ya ci gaba da leƙawa duk Asabar in ya rufe shago. Wata rana ta gane shi tun daga ƙofa, wata rana sai Halimat ta gabatar da shi. Akwai ranar da ya shigo ta washe baki, ta kira shi Iorhemba, sunan babansa, ta tambaye shi yadda doyar bana ta yi a gona. Ya zauna kusa da ita ya ce ta yi kyau, ya shiga ba ta labarin gonar.