Mariƙin Bindigar Nedyalko

Akwatin bindiga ɗaya, a kulle. Takardar izini. Takardun saiti goma sha biyu, kowace da ramukan harsashi a ƙasa ta hagu. Kwalbar zuma. Banitsa, gurasa mai cuku, yanka biyu, mai ya riga ya jiƙa takardar da aka naɗe ta. Abin da Radostina ta ɗauko ke nan daga garin Ruse, kuma tun da bas ya fara hawan dutse take rungume da akwatin a cinya.

Ranar Talata ce. Ranar Asabar za a yi gasar da za a zaɓi mata uku masu harbi da ƙaramar bindiga su wakilci ƙasa. Sau biyu tana zuwa ta huɗu. Shekararta talatin da uku, ta san ba za a yi ta jiranta ba.

Bindigar ta mahaifinta ce, Nedyalko, mai koyar da harbi a ƙungiyarsu. Da idonsa ya raunana ya mayar da ita sunanta, amma bai mayar da mariƙin ba. An sassaƙa katakon ne shekara talatin da suka wuce, daidai hannunsa, hannu kamar shebur. Ita kuwa hannun uwarta ta ɗauko. Sai ta miƙe manuniya ƙwarai kafin ta taɓo kunama, in ta ja, bakin bindiga ya karkata hagu. Ta faɗa masa ya fi sau ɗari. Amsarsa ɗaya: hannu ke bin bindiga.

A Gabrovo bas na biyu ya yi jinkirin awa ɗaya da rabi. Ta ci banitsarta a tsaye. Rana ta yi tsaka kafin ta sauka a Tryavna, ta hau gangare da ƙafa zuwa gidan Minko masassaƙi, wanda ya yi mariƙin tun farko.

Motar mahaifinta na ƙofar gidan.

Ta tarar da su biyu a shagon, suna shan kofi a tsakanin ɓawon katako. Nedyalko bai ko tashi ba.

"Ga Bajamushiya ta iso," ya ce. Haka yake kiranta tun da ta dawo daga karatun shekara bakwai a Jamus. "Minko, ka ga ilimi? Awa biyar a bas, tafiyar da jahili ya yi cikin biyu."

"Sannu, Kawu Minko," ta ce, ta ajiye zumar a kan benci. "Baba, wa ya gaya maka?"

"Ma'ajiyar bindigogi ce ta gaya min. Na buɗe na ga gurbi."

Minko tsoho ne gajere, gashin girarsa duk garin katako. Ya ɗaga zumar ya duba ta a hasken taga.

"Ita dai ta zo da zuma. Kai me ka kawo, ban da surutu? Zauna, 'yata. Buɗe mu gani."

Ta buɗe, ta nuna masa babu harsashi, ta shimfiɗa takardun saitin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Duk hagu."

"Gaggawa ce," in ji Nedyalko. "Fizgar kunama take yi. Tun tana yarinya haka take, ko miya ba ta bari ta huce."

"Ba fizga nake yi ba, Baba. Yatsana ba ya kaiwa."

"Nawa ya kai har gasar Moscow da wannan katakon."

"Naka."

"Kawu," ta juya, "sabon mariƙi nake so. Nawa na kaina. Wannan ya koma masa, ya rataye a bango."

Minko ya girgiza mata yatsa. "Mako uku. Irin wannan tsohuwar bindigar ba a sayar da mariƙinta a kanti, sai na faro daga gungume. Yaushe gasar?"

"Asabar."

"To sai dai a rage wannan. Kwana ɗaya ya ishe ni. Amma ki ji da kyau. Ƙari ba wuya, in liƙa, in bai yi ba in kankare. Ragi ba ya komawa."

"Kin ji ko?" Nedyalko ya buga kofinsa a benci. "Ba wanda zai sa magagari a jikinsa. Ku 'yan boko, takalmi ya matse ku sai ku ce ƙasa ce ta karkace."

Radostina ta miƙa hannu. "Auna ni dai, Kawu."

Ya kama tafin ya matsa, ya sake. "Sanyi ƙalau. Ba na auna hannun da ya fito daga mota. Hannu mai sanyi ƙarya yake yi, ranar gasa ya kumbura ya ce ban iya aiki ba. Ga gatari can, ga itace. Guda ashirin."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Ubanki talatin ya faskara. Je ki."

Ta fita bayan gida ta yi faskare da rigar fita a jikinta, tana jin muryar mahaifinta ta taga yana ba da labarin Moscow. Ta san labarin har inda yake yin tari. A na goma sha biyar gatarin ya maƙale, ta zage shi da Jamusanci.

Da ta dawo tana gumi, Minko ya lakato baƙin murhu da tsumma ya shafe mata tafin dama har tsakanin yatsu.

"Riƙe. Ɗaga kamar a filin harbi. Kada ki gyara, kada ki yi wa kowa kara. Ajiye."

Ya kai bindigar taga. Baƙin ya fito wuri uku kawai: ɗigo a gindin babban yatsa, layi siriri a gaba, ɗan tabo a ƙasa. Sauran katakon fes.

"Da wannan kike zuwa ta huɗu?" ya ce. "Ba riƙe ta kike yi ba, 'yata. Rataye kike a jikinta."

"A sa mata liƙi a cike gurbin," in ji Nedyalko.

"In cike, ya ƙara kauri, yatsan ya ƙara nisa? Kai ne malamin harbi ko ni?" Minko ya goge katakon tas, ya sake lakato baƙi. "Kawo naka."

"Na me?"

"Ka ce naka ne. Mu gani."

Nedyalko ya yi dariya, ya nannaɗe hannun riga, ya miƙa. Radostina ta daɗe ba ta kalli hannun nan da kyau ba. Gaɓoɓin sun kumbura, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe ciki, naman gindin babban yatsa ya zube. Ya riƙe bindigar ya ɗaga. Bakin bindigar na rawa. Ya ajiye da sauri.

Minko ya kai taga, ya daɗe. Sannan ya juyo da ita yadda duka za su gani.

Wuri biyu.

"Sanyi ne," in ji Nedyalko. "Ban yi faskare ba."

"Ga gatari can."

Bai motsa ba. Ya ɗauki tsumma yana goge tafinsa, baƙin na ƙara bazuwa.

"Hannun da na yi wa wannan katakon ba ya cikin ɗakin nan," in ji Minko. "Ni dai aikina hannun da ke gabana. Sunan wa ke kan takarda?"

"Nawa," ta ce.

Nedyalko ya jefar da tsumman, ya laluba aljihu ya ciro taba. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In kika bari ya taɓa shi, ranar Asabar ki nemi wanda zai tsaya a bayanki. Ni ba zan zo in ga an harba da guntun katako ba."

"Shekara biyu kana tsaye a bayana, Baba. Duk hagu suka tafi."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Suna ganinsa a tsakar gida yana fama da ashana, ƙwaya ta farko ta karye, ta biyu ma. Bai nufi mota ba. Iska na shigowa tana ɗaga takardun saitin daga kan benci.

Minko ya ɗaure bindigar a matsi, ya zaɓo magagari, ya tsaya da shi a hannu.

"Ina jira, 'yata. Daga bakinki nake so in ji."

Radostina ta dubi bayan mahaifinta, ta dubi tafinta. Ta je ta tura ƙofar har ta ji sakata ta faɗa. Yatsunta biyar suka fito baƙi a jikin katakon ƙofar, cif.

"Rage shi, Kawu," ta ce. "Fara ta baya."