Ranar da Odessa ta yi shiru

"Tsaya! A tsaya! Wa ya sake yin ihu?"

Kawunan da ke cikin kulob ɗin duk suka juya wajen teburin gaba. Odessa Tillery ta gyara zaman hularta, ta ɗaga ido tana duban silin kamar ba da ita ake ba.

"Ke ce mana," in ji ƙawarta Verlene, tana zungurar ta da gwiwar hannu. "Har a Titin Vine an jiyo ki."

Fim ake ɗauka na rayuwar Cleophus Tillery, yayan Odessa, mabushin saksafon da Kansas City take tinƙaho da shi. Su dai 'yan unguwa ƙaho suke ce wa abin busar. Cleophus ya bar duniya ba a taɓa ɗaukar hotonsa mai motsi ba, sai faya-fayai. Shi ya sa da darakta Renita ta tara tsofaffin unguwa su fito a matsayin 'yan kallo, Odessa ce ta fara isowa, tun ba a gama toshe tagogi da baƙin ƙyalle ba. Duk zuriyar Tillery ita kaɗai ta rage. In fuskarta ba ta fito ba, to an yi fim ɗin gidansu babu jinin gidan.

Sai dai aikin 'yan fim, Allah ya sawwaƙe. Za su saki faifan Cleophus, daidai lokacin da ya fara ratsa jiki sai su kashe, wai don a ji hirar da jarumai biyu suke yi a bakin kantar sayar da abin sha. Saurayin da ya fito a Cleophus ya ci gaba da kumbura kumatu yana motsa yatsu, ba sauti. Masu rawa su taka ba kiɗa. Masu tafi su yi, amma kada hannu ya taɓa hannu. Kiɗan kuma sai daga baya a ɗora shi.

Renita ta zo ta durƙusa kusa da kujerar Odessa.

"Mama Odessa, don girman Allah. Faifan ma a kashe yake. Me kike wa ihu?"

"'Yar nan, ke kika kashe naki. Nawa yana nan." Ta dafa ƙirji. "Akwai wajen da yake hawa, ya hau, ya hau, sai ya tsaya cak kamar ya manta hanya. To a nan ake ce masa, 'Faɗa musu, Cleo!' In ba a ce ba, ba ya saukowa."

"Na ji, kuma na yarda. Amma muryarki tana danne ta jarumaina. In aka sake, wallahi sai in mai da ke bayan kyamara, ba don ina so ba."

Da ta tafi, Verlene ta buɗe jaka ta zaro alewar minti, irin wadda suke tsotsa a coci in fasto ya ja wa'azi.

"Ungo. Cika bakin."

"Ni za ki toshe wa baki kamar jaririya?"

"Jaririya ai ana rarrashinta ta yi shiru. Ke tun muna 'yan mata ba ki taɓa barin mutum ya kai aya ba. Dubi yadda nake yi, cikin mutunci." Ta kaɗa kai a hankali, ta yi tafin ƙarya da 'yan yatsu.

"Kin yi kama da mai korar ƙuda."

Daga teburin baya tsoho Ulysses, wanda ya taɓa kaɗa ganga a bayan Cleophus, ya leƙo da kai. "Odessa, in suka kore ki, kujerar tawa ce. Na fi ki kyau a hoto."

"Kai da haƙoranka na aro? Zauna inda Allah ya ajiye ka."

Amma ta karɓi alewar. Ta tura guda uku a baki, ta damƙe gefen tebur da hannu biyu.

"A yi shiru! Kiɗa!" in ji Renita.

Ƙahon Cleophus ya cika ɗakin. Kai, jama'a! Sautin nan mai kauri, kamar zuma a kan burodin masara mai zafi, ya bi ƙarƙashin tebura ya shige ƙafafun mutane. Gwiwoyin da suka daɗe da yin ritaya suka fara rawa. Sai ɗif, aka kashe.

Ɗaki ya yi tsit, in ban da ƙus-ƙus ɗin jarumai. Saurayin yana ta motsa yatsu. A cikin kan Odessa kuwa Cleophus bai tsaya ba. Ga shi nan ya zaga, ya dawo, ya kama hawa. Ta ji maganar ta taso mata tun daga ciki, ta iso maƙogwaro. Ta datse haƙora har alewar ta fashe. Ya hau. Ya ƙara hawa. Ya tsaya cak. Hawaye ya zubo mata, amma leɓenta bai motsa ba.

"Faɗa musu, Cleo!"

Verlene ce. Tana tsaye, jaka a ƙasa, hannu a sama. Ba ita kaɗai ba: Ulysses ya daki tebur, tsofaffin nan kaf suka ɓarke a tare, daidai gurbin, kamar wani ya ba su alama. Tafi na gaske ya tashi, hannu yana cin hannu. Saurayin da ke kan dandamali ya razana, ya sunkuya da ƙahon kamar mai saukowa daga tsani, jaruman da ke bakin kanta suka bar hirar suka juyo da baki buɗe.

Ba wanda ya ce a tsaya. Renita ta ƙura wa ɗan allon da ke nuna hoton da ake ɗauka ido, tana yi wa mai kyamara alama da hannu: matsa, matsa, teburin gaba. Sai da hayaniyar ta lafa don kanta ta cire abin sauraron da ke kunnenta.

"Mun samu. Hirar bakin kanta a sake ta gobe. Wannan ba mai taɓa min shi." Ta taho da sauri, idonta jajir. "Mama Odessa, da kin ga fuskarki! Ɗaki duk ya haukace, ke kaɗai zaune shiru. A kanki za mu rufe fim ɗin."

Odessa ta haɗiye ɓarɓashin alewa da ƙyar.

"Shiru? Ni? A'a, 'yar nan, a sake. Kowa ya amsa masa ban da ni."

"Ba a sake irin wannan, Mama."

Tuni an fara naɗe wayoyi, ana kiran mutane su fito cin gasasshen haƙarƙari a waje. Odessa ta juya ta kalli Verlene, wadda ke tsintar kayan jakarta a ƙasa.

"Cikin mutunci, ko?"

"Hali zanen dutse," in ji Verlene, ko kunya babu. "Kwantar da hankalinki. Duniya za ta ce Cleophus yana da ƙanwa mai kawaici."

Odessa ta kalli dandamalin da ba kowa a kai. Sannan ta miƙe, ta rataya jakarta.

"Ranar da za a haska shi," ta ce, "ki sama mana kujerun gaba. Kuma kada ki zo min da alewa."